Matsayin Shaida Wajen Rubuta Tarihin Malamai a Kundin Ilmi na Intanet



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne yadda ake rubuta tarihin rayuwar malamai a cikin kundin ilmin nan na intanet da ake kira Wikipedia. Jimmy Wales da Larry Sanger ne suka buɗe shi ranar 15 ga Janairu, 2001, a kan tsarin cewa kowa yana iya rubutu a ciki, kowa kuma yana iya gyara abin da wani ya rubuta. Yana da sassa cikin harsuna da dama, har da Hausa. Maganar ta shafe mu a wannan yanki, domin tun daga shekarar 2021 da aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a nan Ɓaɓura, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, malamai masu digirori sai ƙaruwa suke yi a tsakaninmu. Wanda duk ya ji sunan ɗayansu a yau, wayarsa zai fara tambaya ko wane ne. To, tambayoyi biyu ne a gabanmu: wane malami ne ya cancanci a buɗe masa shafi, kuma wane ne ya dace ya rubuta shafin?

Magabata da rubuta tarihin malamai

Kafin mu je ga intanet, yana da kyau mu tuna cewa wannan sana'a ba baƙuwarmu ba ce. Ibn Khallikan, wanda ya rasu a 1282, ya tara tarihin mashahuran mutane cikin littafinsa Wafayat al-A'yan, ya kuma kafa wa kansa sharaɗin cewa sai ya tabbatar da lokacin rasuwar mutum kafin ya sa shi. A ƙasashenmu, Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya kammala Nail al-Ibtihaj a 1596 yana tsare a Marrakesh, inda ya kawo tarihin malaman Malikiyya, har da waɗanda suka zauna a Kano da Katsina, irin su Makhluf al-Bilbali da Muhammad al-Tazakhti wanda ya yi alƙalanci a Katsina. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambaci malaman ƙasar nan cikin Infaƙul Maisuri a 1812, Shehu Abdullahi na Gwandu kuma ya lissafa malaman da ya yi karatu a gabansu cikin Ida'un Nusukh.

Wani zai ce, ai ga shi Shehu Abdullahi ya rubuta labarin malamansa da hannunsa, me zai hana ɗalibin yau ya yi haka? Amsar tana cikin sa hannu. Mai karanta littafin Shehu Abdullahi ya san wanda yake magana, ya san dangantakarsa da mutanen da yake ambata, saboda haka yana iya auna maganar. Shafin Wikipedia kuwa babu sunan marubuci a goshinsa. Mai karatu yana ɗaukarsa kamar muryar jama'ar masana gaba ɗaya. Idan ɗalibi ko ƙane ya shiga bayan wannan murya ya yabi nasa, ya ari rigar alƙali alhali shi mai ƙara ne.

Ma'aunin shahara

Babbar ƙa'idar sashen Ingilishi na wannan kundi ita ce, ba a buɗe wa mutum shafi sai an sami amintattun rubuce-rubuce da suka yi magana a kansa da zurfi, waɗanda kuma shi ba shi da hannu a cikinsu. Da yake jaridu ba su cika damuwa da malaman jami'a ba, sai aka ware musu ma'auni na musamman, wanda idan malami ya cika ko da ɗaya daga cikin sharuɗɗansa ya isa. Daga ciki akwai: bincikensa ya yi tasiri mai yawa a fanninsa, har sauran masana suna kafa hujja da shi, ko ya sami babbar lambar yabo ta ilmi a ƙasa ko a duniya, ko an zaɓe shi cikin ƙungiyar masana wadda ba a shigarta sai da tantancewa mai tsanani, ko ya riƙe shugabancin babbar jami'a, ko ya zama babban editan wata fitacciyar mujallar ilmi. A Nijeriya, misalin irin wannan lamba shi ne Lambar Cancanta ta Ƙasa da aka ƙirƙiro a 1979, misalin irin wannan ƙungiya kuma shi ne Cibiyar Masana Kimiyya ta Nijeriya da aka kafa a 1977.

Ku lura da abubuwan da ba su cikin jerin. Digirin dakta shi kaɗai bai isa ba, haka ma muƙamin farfesa shi kaɗai. Yawan maƙalu ba hujja ba ne idan babu wanda ya karanta su ya yi aiki da su. Allon yabo da wata ƙungiya ta miƙa wa mutum a wurin liyafa, da shafin taya murna da abokai suka saya a jarida, da tarihin da aka karanta ranar walimar ritaya, duk abubuwa ne na zumunci masu kyau, amma ba sa tsayawa a matsayin shaida, saboda daga gidan mutum suka fito.

A nan ne zuciya takan sosu. Malami ya shekara talatin yana koyarwa, ya yaye ɗaruruwan ɗalibai, sai a ce masa bai shahara ba. Ya kamata mu fahimci cewa wannan ma'auni bai ce komai game da darajar mutum ko albarkar aikinsa ba. Abin da yake tambaya kawai shi ne, akwai isasshen abin da wasu suka rubuta, wanda baƙon da bai taɓa ganin malamin ba zai iya dogara da shi ya rubuta gaskiya?

Inda ma'aunin yake tuntuɓe

Ba zan ce muku ma'aunin ba shi da aibi ba. A watan Mayu na 2018 wani edita ya ƙi karɓar shafin da aka tsara a kan Donna Strickland, malamar kimiyyar fiziya a Jami'ar Waterloo ta ƙasar Kanada, bisa dalilin cewa hujjojin da aka kawo ba su nuna shahararta ba. A watan Oktoba na wannan shekara aka ba ta lambar Nobel, ta zama mace ta uku da ta samu a wannan fanni, bayan Marie Curie a 1903 da Maria Goeppert Mayer a 1963. Sai a ranar aka buɗe mata shafi.

Idan hakan ta faru ga malamar da ke rubutu da Ingilishi a Kanada, ina ga malamin da ke rubutu da Hausa? Masanin da ya buga aikinsa a mujallar Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, ko ya wallafa littattafansa a Zariya, na'urorin da ke ƙidaya ambaton masana ba su cika ganinsa ba. Balle malamin zaure, wanda ya ƙare rayuwarsa yana karantar da fiƙihu da nahawu a Kazaure ko Ɓaɓura, almajiransa sun cika ƙasa, amma babu takardar da ta rubuta ko shekarar haihuwarsa. Wannan rashi na gaske ne, kuma shi ne yake tura mutanenmu ga gajeriyar hanya, watau mutum ya rubuta da kansa, ko ya sa yaronsa, ko ya biya wani.

Mai hannu a cikin magana

Duk wanda ya karanta babin shaida a Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa a fiƙihun Malikiyya ba a karɓar shaidar uba ga ɗansa, ko ta maƙiyi a kan maƙiyinsa, ko ta wanda zai jawo wa kansa amfani da shaidar. Shari'a ba ta ce uban maƙaryaci ne ba. Ta dai san halin zuciyar ɗan Adam. A kan irin wannan tunani ne Wikipedia ta gina ƙa'idarta: ana matuƙar hana mutum rubuta tarihin kansa, ko na danginsa, ko na maigidansa a wurin aiki. Wanda yake da irin wannan dangantaka ana so ya bayyana ta, ya kai shawararsa shafin tattaunawa, ya bar wasu su duba. Bahaushe ya riga ya ce yabon kai jahilci.

Maganar kuɗi ta fi tsanani. Tun daga watan Yuni na 2014, sharuɗɗan Gidauniyar Wikimedia sun wajabta wa duk wanda aka biya don ya yi rubutu ya bayyana wanda ya ɗauke shi da wanda ake yi wa aikin. A 2015 an toshe asusu 381 na wani gungu da ke karɓar kuɗi daga mutane da kamfanoni don buɗe musu shafuka, sa'an nan ya koma yana neman ƙarin kuɗi wai don ya kare shafukan. Mu da muka tashi da maroƙa mun san bambancin. Maroƙi yana tsaye a fili, kowa yana ganin kyautar da aka miƙa masa, mai sauraro kuma ya san kirari yake ji. Wanda aka biya a ɓoye ya rubuta tarihi, kirari yake sayar wa jama'a da sunan bincike, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: ba zai rubuta abin da maigidan ba ya so a ji ba.

Ina jawo hankalin ma'aikata musamman. Jami'in watsa labaran da shugaban makarantarsa ya ce ya buɗe masa shafi, yana cikin waɗanda ake biya, ko da ba a ƙara masa kwabo a kan albashinsa ba, domin aikin ofis yake yi. Ɗalibin da ke rubuta tarihin mai duba kundin digirinsa, makinsa yana hannun wanda yake rubutawa a kai.

Son zuciya kuma ba yabo kaɗai yake haifarwa ba. Malaman Hadisi sun daɗe da yin kaffa-kaffa da sukar da tsara yake yi wa tsaransa, don sun san hassada takan shiga tsakanin masana. A 2005 wani ya rubuta ƙarya a shafin John Seigenthaler, wani ɗan jarida a Amurka, yana danganta shi da kisan Shugaba Kennedy da ɗan'uwansa, ƙaryar kuma ta zauna wajen wata huɗu kafin a cire ta. Bayan haka ne aka tsaurara doka a kan tarihin mutanen da ke raye. Ku kwatanta abin da jimla ɗaya irin wannan za ta yi wa malami a lokacin da ake neman shugabancin jami'a.

Daɗin daɗawa, wanda ya buɗe wa kansa shafi bai mallake shi ba. Gobe wani zai ƙara abin da jarida ta buga a kansa wanda ba ya so, shi kuwa ba shi da ikon sharewa. Ko kuma a kawo shafin gaban editoci a tattauna a fili, a yanke cewa bai cika sharaɗi ba, muhawarar kuma ta kasance a ajiye kowa yana iya karantawa.

Aikin da ke gabanmu

Tunda abin da ya yi mana ƙaranci shi ne shaida, maganin shi ne mu samar da ita. Na farko, mu raya al'adar sharhin littattafai a mujallunmu. Idan abokin aiki ya wallafa littafi, wani masani daga wata jami'a ya auna shi a rubuce, ya faɗi ƙarfinsa da rauninsa. Irin wannan sharhi hujja ce karɓaɓɓiya. Na biyu, tsofaffin mujallunmu su hau intanet yadda mai bincike a ko'ina zai same su. Na uku, sassan Hausa da Tarihi da Larabci su riƙa tura ɗalibai su yi bincike a kan malaman garuruwansu da suka riga mu gidan gaskiya, su yi hira da almajiransu tun suna raye, su duba takardun da ke Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, a kuma buga abin da ya inganta. Littafin Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, Hausa a Rubuce, na 1988, misali ne na yadda aikin masani ɗaya yake zama madogara ga masu neman labarin marubuta da yawa.

Na huɗu, kowane sashen harshe na Wikipedia yana da damar tsara wasu ƙa'idojinsa. Masu rubutu a sashen Hausa suna iya zama su tattauna yadda za a auna malamin zaure da mawallafin ajami da ma'aunin da ya dace da su. Masana su shiga wannan tattaunawa, da sharaɗin kada a sassauta maganar shaida mai zaman kanta.

Ga ɗalibin da ke son fara rubutu, shawarata ita ce ya zaɓi malamin da ba malaminsa ba, ba ɗan'uwansa ba, ba kuma wanda yake neman wani abu a wurinsa ba. Ɗan Roni ya ɗauki malamin Katsina, ɗan Katsina ya ɗauki na Roni. Kowace magana ya nuna inda ya samo ta, ya bar kalmomin kirari irin su gangaran da fasihin zamani, ya kawo aikin mutumin da shekarunsa, mai karatu ya yi hukunci.

Ga 'yan'uwana malamai kuwa, Ahmad Baba ya rubuta labarin al-Tazakhti shekaru fiye da sittin bayan rasuwarsa, kuma daga wannan rubutu ne muke sanin alƙalin Katsina a yau. Namu shi ne mu yi aikin da zai sa wani ya ga ya wajaba ya rubuta, mu kuma ajiye takardun da zai dogara da su.