"Idan Na Ba Yaya Ƙodata, Zan Rayu?"

Laccar da aka gabatar ga ɗaliban fannin lafiya da iyayen gari a Kazaure



Magidancin da ƙodarsa ta daina aiki a Gwiwa ko Roni ya san hanyar asibiti kamar yunwar cikinsa. Sau biyu ko uku a mako ana ɗaura masa na'urar wankin ƙoda, kowane zama kusan awa huɗu. Jinyar takan cinye hatsin rumbu, ta koma kan shanu, wani lokaci har gona.

Ranar da likita ya ce sai dashe, gidan yakan juya ga ɗansu mai karatun likitanci a Jami'ar Bayero ko Jami'ar Tarayya ta Dutse. Ƙanin majinyaci zai ja shi gefe: "Kai da ka karanta, idan na ba Yaya ƙodata, zan rayu? Zan iya noma? Zan haihu?"

A nan ake gane ainihin ra'ayin ɗalibi. A aji ba ya jinkirin cewa kyautar ƙoda alheri ce. Amma a gidan ya tashi, kuma tsoron da ke zuciyar kawunsa yana cikin tasa: jiki amanar Allah ne, yaya za a yanke shi a ba wani? Da ya yi ɗan jim, 'yan uwa sun ɗauki shirunsa a matsayin "a'a".

Alhali amsar tana nan. Tun 1954 Dakta Joseph Murray ya ci nasarar dasa ƙoda tsakanin wasu tagwaye a Boston ta Amurka. A Najeriya, Asibitin St. Nicholas na Legas ya fara dashen a 2000, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya biyo baya a 2002. Lafiyayyen mutum yana rayuwa da ƙoda ɗaya, ya yi noma, ya haihu. Ba a karɓar ta kowa sai an auna jininsa, an tabbatar ba shi da hawan jini mai tsanani ko ciwon suga. Wajibi ne kuma a gaya wa iyali cewa tiyata ce mai nata haɗarin, sannan wanda aka dasa wa zai sha magani iya rayuwarsa don kada jikinsa ya ƙi baƙuwar ƙodar.

Malamai ma sun yi magana. Majalisar Manyan Malaman Saudiyya ta halatta kyautar sassan jiki a 1982. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a Jidda a 1988, bisa sharaɗin yardar mai bayarwa, ta kuma haramta sayarwa. Akwai malaman da ba su yarda ba, kuma ya kamata ɗalibi ya san hujjarsu don ya yi wa iyali bayani cikin ladabi.

A Najeriya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ita ma ta hana cinikin sassan jiki. A 2023 wata kotun Landan ta ɗaure Sanata Ike Ekweremadu shekara 9 da wata 8 saboda kai wani matashi ɗan tireda daga Legas don a cire masa ƙoda. Likitan gobe ne zai tsaya tsakanin talaka da dillali, ya gane wanda ya bayar don zumunci da wanda aka matsa wa.

Saboda haka, ya dace makarantun lafiya su riƙa zaunar da ɗalibai tare da likitan ƙoda, malamin fiƙihu da wanda ya taɓa bayar da tasa, su tambaye shi abin da suke jin nauyin tambaya a aji. Limaman Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa kuwa su ba ɗaliban nan dama bayan sallar Juma'a, su auna wa jama'a hawan jini da suga, cututtukan da suka fi kai mutane ga na'urar wanki.