Tumatirin Bayan Ɗaki da Tsutsar Sharon

 

Mu da muke sarin kayan miya a 'Yan Kaba ba za mu manta da 2016 ba. Shekarar ce tsutsar nan da manoma ke kira Sharon ta cinye gonakin Kadawa da Kura, har kamfanin tumatir na Dangote ya tsaya da aiki, miyar gidaje ta koma ta gwangwani da kauɗa. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, amma yanzu ta zama 'yar gida. Tumatirin da muke shukawa a buhu da bokiti a nan Nasarawa GRA ma ba ta ƙyale shi ba.

To, ya take? Wani ɗan mitsitsin malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare ke yin ƙwai a ganye. In ƙwan ya ƙyanƙyashe, sai tsutsar ta shige cikin naman ganyen ta dinga ci daga ciki. Shi ya sa za ki ga ganye da farin tabo kamar an ƙona shi, feshi kuma bai cika kai mata ba.

Saboda haka maganin farko ido ne. Kowace safiya mu juya ganye mu duba. Wanda ya kamu mu tsinke, mu binne ko mu ƙona, kar mu yar a gindin shukar. Da dare mu ajiye kwanon ruwan sabulu a ƙarƙashin fitila, uwar tsutsar za ta biyo haske ta faɗa.

Na biyu, darbejiya, ga ta nan a titunanmu kyauta. A daka busassun 'ya'yanta cikin gwangwanin madara ɗaya, a jiƙa a ruwa lita 2 su kwana, a tace, a ɗan sa sabulu. A fesa da yamma har ƙarƙashin ganye, sau ɗaya a mako. Yana rage farin ƙuda da darɓa ma.

Don Allah 'yan uwa, ban da fiya-fiya! Abin da muka fesa yau, shi 'ya'yanmu za su ci gobe a miya. In abin ya fi ƙarfinmu, mu nemi malamin gona na KNARDA.

Allah Ya sa wa ƙungiyarmu albarka, Ya maimaita mana.