Matsayin 'Yan Kallo Wajen Gyaran Fim ɗin Ɗalibi



Gabatarwa

Da farko ina miƙa godiyata ga waɗanda suka shirya wannan zama, suka kuma ga ya dace su ba ni wannan dama. Abin da zan yi magana a kansa shi ne yadda ɗalibi mai koyon shirya fim zai ci moriyar ra'ayin 'yan kallo don ya gyara aikinsa kafin ya miƙa shi ga masu jarrabawa.

Dalilin ɗauko wannan batu shi ne wani abu da duk malamin da ya taɓa duba irin wannan aiki ya sani. Ɗalibi zai shafe watanni yana wahala, ya kashe ɗan abin da ke aljihunsa, ya roƙi abokai su yi masa wasa kyauta. Ranar da aka kashe fitila aka haska fim ɗin a gaban jama'a, sai a fashe da dariya a inda ya nufa a yi kuka, ko kuwa a fito ana tambayar juna wane ne ya mutu a ƙarshe. A lokacin nan bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ba rashin basira ke jawo haka ba. Wanda ya rubuta labari, ya ɗauke shi, ya kuma kalli kowace fitowa sau ɗari, ya daina ganin abin da ke kan allo, abin da ke cikin kansa yake gani. Duk giɓin da ke cikin labarin, zuciyarsa na cike masa shi ba tare da ya sani ba. Ɗan kallo kuwa ba shi da komai sai abin da aka nuna masa.

Darasi daga zamanin majigi

Bari mu fara da gida. A shekarar 1939 gwamnatin Ingila ta kafa hukumar shirya finafinai don ƙasashen da take mulka, ta danƙa ta a hannun William Sellers, wanda tsohon jami'in tsafta ne a Ikko. Finafinan wannan hukuma suna cikin waɗanda aka riƙa yawo da su a mota gari gari, abin da iyayenmu suka sani da majigi. Sellers ya yi imani cewa mutumin ƙauye ba zai iya bin fim ba idan ana saurin sauya hoto ko ana motsa na'urar ɗauka, saboda haka ya shimfiɗa ƙa'idar a yi komai a hankali, a kuma ja kowane hoto ya yi tsawo.

A shekarar 1952 wani masanin halayyar al'umma mai suna Peter Morton-Williams ya bi waɗannan finafinai zuwa ƙauyukan Yarbawa da Hausawa da Ibo da Birom. Ya zauna cikin 'yan kallo, ya lura da abin da suke yi, ya kuma tattauna da su. Abin da ya gano shi ne mutane suna fahimtar salon fim sarai. Inda saƙo ya kasa shiga, galibi abin da aka nuna ne bai dace da rayuwarsu ba. Wato an shafe shekaru fiye da goma ana gini a kan zato, alhali amsar tana bakin mutanen da ke zaune a gaban allon. Matambayi ba ya ɓata.

Darasi daga Ayoru

Misali na biyu daga Jamhuriyar Nijar yake. Jean Rouch, Bafaranshe, ya ɗauki fim a kan yadda masuntan Sorko ke farautar dorina a Kogin Kwara. A shekarar 1954 ya koma garin Ayoru da na'urar haskawa da injin wuta, ya nuna wa mutanen da ya ɗauka. Da suka kalla sai suka yi masa gyara. Ya sa kiɗa a daidai wurin farauta don ya ƙara wa abin armashi, su kuwa suka ce a cire, domin farautar dorina a cikin shiru ake yinta, kuma a wurinsu kiɗa ƙarfin hali yake ƙara wa dabbar. Rouch ya karɓi gyaran. A wannan zama ne kuma wani mafarauci ya gayyace shi ya zo ya ɗauki masu farautar zaki da kwari da baka, fim ɗin da ya fito a 1965. Tun daga nan mayar da fim ga masu shi ya zama ginshiƙin aikinsa.

Abin lura a nan shi ne, babu wani malamin fim a birnin Faris da zai iya yi masa wannan gyara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗalibin da ya yi fim a kan marina ko maƙera ko 'yan koli, wajibi ne ya nuna musu kafin kowa.

Amfani da haɗari

A Amurka, kamfanonin fim sun daɗe suna haska sabon aiki ga jama'a don gwaji, su raba takardu a rubuta ra'ayi. Fim ɗin Billy Wilder mai suna Sunset Boulevard, na 1950, da farko ya buɗe ne da gawawwaki suna hira a ɗakin ajiyar gawa. Da aka gwada, 'yan kallo suka yi ta dariya. Wilder ya cire wannan fitowa, ya sake wata, fim ɗin kuwa ya shiga sahun waɗanda ake koyarwa a makarantu.

Amma takobin kaifi biyu gare shi. A 1942 aka gwada fim ɗin Orson Welles, The Magnificent Ambersons, a garin Pomona na jihar Kalifoniya. Jama'a da yawa ba su so shi ba. Welles yana ƙasar Barazil a lokacin, sai kamfanin RKO ya datse fim ɗin daga minti 131 zuwa 88, ya kuma sauya ƙarshensa ya zama na farin ciki. Abin da aka yanke ya salwanta, masana kuwa suna ƙirga wannan a cikin manyan asarorin tarihin fim. Wilder ya saurari 'yan kallo, hukunci kuma ya zauna a hannunsa. A wajen Welles tsoro ne ya yanke hukunci. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Hanyar aiki

To, yaya ɗalibi zai yi? Zan kawo matakai biyar.

Na farko, lokaci. A nuna fim tun yana ɗanye, wato an harhaɗa shi daga farko zuwa ƙarshe amma ba a kammala gyaran sauti da launi ba, kuma da sauran makonni kafin ranar miƙawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya nemi shawara ana gobe jarrabawa, yabo yake nema.

Na biyu, su wa za a gayyata. Kada a tara waɗanda suka yi aikin, domin sun san labarin. Kada kuma a dogara ga 'yan uwa da aminai, saboda kara da kunya za su hana su faɗin gaskiya. Mun san halinmu, "ya yi kyau, Allah ya ƙara basira" ita ce amsar da kowa zai bayar. A nemo mutum goma zuwa ashirin da ba su san komai game da fim ɗin ba, maza da mata, masu boko da marasa boko, daga cikin irin mutanen da aka yi fim ɗin dominsu.

Na uku, lokacin kallo. Kada ɗalibi ya yi dogon bayani ko ya fara ba da haƙuri a kan kurakurai. Ya kashe fitila, ya koma baya ya zauna da takarda da agogo. Kada ya kalli allo, mutane zai kalla. A minti na nawa aka fara gyara zama da hamma? A ina aka ciro waya? A ina aka yi tsit? Baki yana iya yin kara, amma jiki ba ya yi.

Na huɗu, tambaya. "Ya ya kuka ga fim ɗin?" ba tambaya ba ce. A ce wa mutum ya ba da labarin da bakinsa. A tambaye shi me tauraron ke nema, me ya hana shi samu, a ina ya rikice, wace fitowa ce ta tsaya masa a rai. Ya fi kyau kowa ya amsa shi kaɗai, a rubuce ko a baki, kafin a buɗe muhawara, domin da zarar babba ko mai kaifin baki ya yi magana, sauran za su bi shi. In da hali, wani dabam ya jagoranci zaman, shi kuwa mai fim ya kame bakinsa. Duk bayanin da ya yi don kare kansa, bayani ne da ba zai bi fim ɗin zuwa gidajen mutane ba.

Na biyar, tace abin da aka ji. Wannan ne ya fi wuya. Ɗan kallo kamar majiyyaci yake: ya san inda ke masa ciwo, amma ba shi ke rubuta magani ba. Idan ya ce ƙarshen ya yi tsawo, sau da yawa cutar tana can farko, inda aka kasa sa shi ya damu da tauraron. Idan mutum ɗaya ya yi kuka da wani wuri, wataƙila ra'ayinsa ne. Idan shida suka yi tuntuɓe a wuri guda ba tare da sun haɗa baki ba, to akwai dutse a wurin. Sannan a raba koke gida biyu. Akwai "ban gane ba", wannan laifin mai fim ne, dole a gyara. Akwai kuma "ban so ba", wannan sai a auna shi da jigon fim ɗin. Wanda ya yi fim a kan yaron da ke kwana a tasha, aka ce masa abin ya yi ɗaci, mai yiwuwa ya kai inda ya nufa ke nan.

Bayan an gyara, a sake nunawa ga wasu mutane dabam, domin na farko sun riga sun san labarin.

Kammalawa

Jama'a, a taƙaice abin da nake cewa shi ne, fim ba ya cika sai a idon mai kallo, don haka neman ra'ayinsa wani ɓangare ne na sana'ar, daidai da riƙe na'ura ko rubuta labari. Ina kira ga sassan da ke koyar da wannan fanni da su sa nunin gwaji a cikin jadawalin aikin ɗalibi, a kuma nemi ya rubuta abin da aka faɗa masa, da abin da ya karɓa, da abin da ya ƙi, da hujjarsa. Ku kuma ɗalibai, na san ba abu ne mai sauƙi ba mutum ya zauna a bayan ɗaki yana jin ana dariya a inda ya zubar da gumi. Amma gara a yi wannan dariya a gaban mutum goma sha biyar, kuna da sauran makonni a hannu, da a yi ta a gaban masu jarrabawa.

Shugaba, a nan zan dasa aya. Kurakuran da ke cikin wannan jawabi nawa ne, kuma tun da na shafe wannan lokaci ina yabon gyara, ga ni a shirye in karɓi naku.