Bashin da Abzin ke bin gidan rediyo da telebijin na ƙasa

Jawabin da aka gabatar gaban jama'a a Gugaram, gundumar Arlit, jihar Agadas

 

Maganar da zan yi a yau ta shafi gidan rediyo da telebijin na ƙasa, wato Muryar Sahel da Tele Sahel, da kuma bashin da mutanen Abzin suke bin wannan gida. Bashin kuwa shi ne fim na gaskiya. Abin da nake nufi shi ne fim wanda babu ɗan wasa a ciki, wanda ake ɗaukar mutane a gidajensu da wuraren sana'arsu, su faɗi halin da suke ciki da bakinsu, a kuma kawo masana su yi bayani. Ra'ayina shi ne wajibi ne gidan ƙasa ya sa kuɗi a yi irin waɗannan finafinai game da yankin nan, ya nuna su cikin Tamajak da Hausa, ya kuma kawo su har inda mutane suke.

Bari mu fara da asalin bashin. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, ya fara fitar da yuraniyom a Arlit a 1971. An kafa COMINAK a 1974, ya fara aiki a 1978, garin Akokan ya tashi a gefensa. A cikin shekarun nan da kuɗin yuraniyom suka cika baitulmali ne aka buɗe telebijin na ƙasa a 1979. Ban da wannan, duk ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya taɓa duba takardar kuɗin wuta ta NIJELEK ya ga ƴan kuɗin da ake ƙarawa da sunan gidan rediyo da telebijin. Ke nan an karɓa daga ƙarƙashin ƙasarmu, an kuma karɓa daga aljihunmu. Hausawa kuwa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Kada wani ya ce wannan sabon aiki ne da ba a saba ba. Tun a 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo a Nijar. Jama'ar gari sukan taru su saurari shiri a kan noma, ko kiwo, ko lafiya, su yi muhawara, jagoransu ya ɗauki maganarsu a faifai ya aika Yamai, a mayar da ita kan iska ƙasa duka ta ji. A 1964 aka soma koyar da yara ta telebijin a wasu makarantu na kewayen Yamai, har wasu akwatunan da hasken rana suke aiki, baƙi suna zuwa daga ƙasashe don ganin yadda ake yi. Daga wannan telebijin na makaranta ne Tele Sahel ta samo tushe. A lokacin babban taron ƙasa na 1991 ma, ta rediyo talaka ya bi muhawarar, ya ji an tuhumi manya da sunayensu. Saboda haka ilmantar da jama'a da sauraron bakinsu su ne aikin farko na wannan gida, tun kafin ya zama wurin nuna bukin yanke kyalle da saukar baƙi a filin jirgi.

Masu sana'ar ma ba mu rasa su ba. Mustafa Alasan ya fara fim tun 1962. Umaru Ganda shi ne mutum na farko da ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1972. Mariama Hima ta ɗauki masu sarrafa tsofaffin tayoyi a Yamai, ta sa wa fim ɗin suna Babu Banza. A zamanin nan Sani Magori ya yi fim a kan albasar Galmi a 2008, A'isha Maki kuma ta yi nata a kan matasan Damagaram a 2021.

Game da yankin nan namu, finafinai biyu sun yi suna. A 2005 Idrisu Mora-Kpai, mutumin Benin, ya fito da fim mai suna Arlit, Paris ta Biyu, inda ya nuna garin bayan kasuwar yuraniyom ta faɗi, da tsofaffin ma'aikata masu fama da ciwo, da matafiya masu jiran motar Aljeriya. A 2016 Amina Weira, wadda mahaifinta ya ƙare ƙarfinsa a ramin yuraniyom, ta yi fim a kan iskar Arlit da ƙurar da take ɗauke da ita. An nuna waɗannan finafinai a bukukuwan Turai, an tafa, an ba da kyaututtuka. To, ina tambayarku, mutum nawa ne a cikin wannan taro ya gan su? Wanda yake shaƙar ƙurar shi ya kamata ya riga kowa ganin fim ɗin ƙurar.

Jama'a, wannan magana ta lafiya ce da rai. A ƙarshen 2003 masu bincike na wata cibiyar Faransa mai suna CRIIRAD, bisa gayyatar ƙungiyar Aghir in'Man ta Arlit, sun tarar da tarkacen ƙarfe masu tururin yuraniyom ana sayarwa a cikin gari. A 2009 ƙungiyar Greenpeace ta ɗebi ruwa a wurare 5 a yankin Arlit, ta ce a 4 daga ciki yuraniyom ya wuce ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya. Kamfanin Areva, wanda ya koma Orano a 2018, ya musanta da yawa daga cikin waɗannan zarge-zarge. Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe COMINAK, ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, aka bar tarin dusar ma'adini kimanin tan miliyan 20 kusa da Akokan, wadda aka yi alkawarin rufewa da yumɓu da duwatsu.

Duk waɗannan bayanai suna cikin rahotanni na Faransanci da Turancin Ingila. Maƙerin da zai sayi ƙarfe ya ƙera tukunya bai karanta su ba. Makiyayin Gugaram da zai sayar da akuya a Arlit ya sayo tano ko bututu don rijiyarsa bai karanta su ba. Ɗan kasuwar da ya saro ƙarfen ma bai san abin da ya ajiye a rumfarsa ba, domin wannan tururi ba shi da wari, ba shi da launi, ƙarfe mai guba da marar guba kamarsu ɗaya a ido. Amma in aka nuna wa mutum na'urar awo an kanga ta jikin ƙarfe tana ƙara, aka yi masa bayani da harshen uwarsa, ya fahimta cikin minti biyu, kuma ba zai manta ba. Gani ya kori ji. Inda kamfani da masu bincike suka saɓa, aikin gidan ƙasa ne ya zaunar da su gaban jama'a, kowa ya kawo hujjarsa.

Na san abin da za a ce. Za a ce babu kuɗi. Amma sayen izinin nuna fim da aka riga aka gama, da biyan mai fassara, bai kai kuɗin rakiyar tawagar minista guda zuwa Agadas ba. Za a kuma ce irin wannan fim yana ɓata sunan ƙasa. Ai baƙi sun riga sun gani, mu kaɗai aka bari a duhu, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bugu da ƙari, tun watan Yuni na 2025 da gwamnati ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa, babu sauran baƙon da za a ɗora wa laifi in aka yi shiru. Wanda ya karɓi rami ya karɓi alhakin faɗa wa maƙwabtan rami gaskiya.

Don haka ina kawo shawarwari 4. Na farko, gidan ƙasa ya keɓe lokaci sananne kowane mako don finafinan gaskiya na ƴan Nijar, ya biya masu su, ya fassara su cikin harsunan ƙasa. Na biyu, a ware kaso daga kuɗin da ake karɓa a takardar wuta don yin sababbi, a kuma bayyana wa jama'a ko nawa ne da wanda aka ba, kada ya zama rabon ƴan uwa da abokai. Na uku, tashar Agadas ta bi tsofaffin ma'aikatan SOMAIR da COMINAK da matansu ta ɗauki labarinsu a ajiye, domin suna ta raguwa, kuma su ne suka san inda aka zubar da me. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Na huɗu, tun da yawancin rugagenmu ba su da akwatin telebijin, a farfaɗo da tsarin kulob na 1962: na'urar nuna fim mai aiki da hasken rana, da malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya da zai jagoranci muhawara, a ɗauki tambayoyin jama'a a kai wa masu amsa, a watsa amsar a gidajen rediyon karkara.

Mu ma akwai namu rabon aikin. Dokar ma'adinai ta 2006 ta tanadi kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar ma'adinai don ƙananan hukumomin yankin da ake haƙa. In aka ɗebi kaɗan daga ciki, ya isa sayen na'ura da horar da matasa biyu ko uku aikin kyamara. Ƴan kasuwa, ku da kuke ba da talla a rediyo, ku ce a sa tallarku kusa da irin wannan shiri. Ma'aikata, ku da kuka san hanyar takarda, ku rubuta buƙatar nan da sunan jama'ar gari, ku bi ta ofis ofis har a ba da amsa a rubuce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in bai faɗa ba, mai gyara ba zai hau rufi ba.