GONA, SAURA DA DAJI: YADDA NOMA YA CI ƘASA A NIJERIYA



Faɗin Nijeriya murabba'in kilomita 923,768 ne, kuma bisa ƙididdigar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kimanin kashi uku daga cikin huɗu na ƙasar nan ana lasafta shi ƙasar noma. To, amma wannan adadi ya haɗa gonar da ake nomawa kowace damina, da makiyayar dabbobi, da gonar da aka bari ta huta ƙasa da shekara biyar, duk a ƙwarya ɗaya. Shi kuwa Bahaushe bai haɗa su ba. Yana da gona, yana da saura, watau gonar da aka bari ta huta. Yana da fadama, da burtali, da daji. Maganata a yau ita ce: gona ba ta ƙaru ba sai da ta ci 'yan'uwanta.

A da, idan gona ta gaji, sai manomi ya bar ta, ya yi sassabe a daji. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai cinikin gyaɗa ya buɗe, noman kuɗi ya shiga neman wuri tare da noman abinci. Bugu da ƙari, jama'a ta yi ta yaɗuwa: ƙidayar 1963 ta ba da mutum miliyan 55 da 'yan kai, ta 2006 kuwa miliyan 140. Ƙasa dai ba ta ƙara ko taƙi ɗaya ba. Saura ce ta fara tafiya, daji ya bi ta, sa'an nan garma ta shiga burtali da mashaya. Dokar keɓe makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta yi nufin tsare rabon dabbobi, amma wurare da yawa gonaki sun cinye su. Rigimar manoma da makiyaya, wadda ta ci rayuka masu yawa, tana da saiwa a nan.

Duk da haka, akwai abin koyi kusa da mu. Michael Mortimore, malamin labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello, ya binciki karkarar Kano a shekarun 1960, ya tarar fiye da kashi 80 daga cikin ɗari na ƙasar ana noma shi kowace shekara, ba hutu. Me ya hana ta mutuwa? Taki ne. Manomi yana turke awakinsa da damina, yana ciyar da su harawa da rani, yana mayar wa gona da kashinsu. Jakuna suna ɗauko shara da toka daga birni a mangala. Ana haɗa gero da dawa da wake a gona guda, ana kuma barin gawo a tsaye, don ganyensa yana zuba da damina ya ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Saboda haka, ya ku ma'aikatan gwamnati, idan aka kawo muku lissafin cewa ƙasar noma ta ƙaru, ku tambaya: daga hannun wa aka karɓe ta, kuma me eka guda take bayarwa? Ku kuma ɗalibai, ku tattara kalmomin nan daga bakin dattawa, domin ranar da saura ta ƙare a ƙasa, za ta ƙare a baki.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.