Sarki da Sarauniya Bisa Doki: Abin da Mai Zane Bai Nuna Ba

 

Mun saba da soyayyar finafinan Indiya. To, tun kafin a san sinima, Indiyawa na adana labarin masoya a cikin ƙananan zane-zane, wasu ba su wuce shafin littafi ba. Da burushin gashin kurege ake yin su, da launin da aka niƙa daga duwatsu, har da ruwan zinari.

Cikin masoyan da aka fi zanawa akwai Baz Bahadur, sarkin Malwa wanda ya hau mulki a 1555, da matarsa Rupmati, mawaƙiya mai zaƙin murya. Masu zane na ƙarni na 18 kan nuna su da dare, kowa bisa dokinsa, kafaɗa da kafaɗa, suna kallon juna kamar babu kowa a duniya. Har yau a garin Mandu, jihar Madhya Pradesh, akwai ginin da ake kira da sunanta.

Amma fa, 'yan uwa, ku ji ƙarshen zance. A 1561 Sarki Akbar ya turo rundunarsa ƙarƙashin Adham Khan. Aka gwabza a Sarangpur, aka ci Baz Bahadur da yaƙi. Gogan naku ya ranta a na kare, ya bar matansa da dukiyarsa. Rupmati ta ga za ta faɗa hannun Adham Khan, sai ta sha guba. Wannan kam ba tafarkinmu ba ne, rai na Allah ne. Shi kuwa maigidan ya rayu, a 1570 ma ya yi mubaya'a ga Akbar, ya zama bafadensa.

Mu nan ƙasar Gobir ba sai an fassara muna wanga labari ba. Tun 2019 dubban mutanen yankinmu suka tsallaka jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga, akasarinsu mata da yara. Mun ga mazan da suka goya tsohuwa suka riƙe hannun matansu har tudun mun tsira. Mun kuma ga waɗanda suka yi ta kansu.

Don haka ke budurwa, in saurayi ya zo zance da daɗin baki da hoto mai kyau a waya, kada ki tsaya nan. Bincika yadda yake riƙon mahaifiyarsa, da yadda yake yi ranar da babu. Ku kuma iyaye, a tambayi halin mutum kafin a tambayi abin hannunsa.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya haɗa 'ya'yanmu da masu riƙon amana. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.