WA'ADIN TAYAR DA ƊAN HAYA IDAN KUƊIN HAYA YA MAƘALE

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammad (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, abin da za mu tattauna a yau mas'ala ce da ta raba maƙwabta, ta ɓata zumunci, ta kai mutane da yawa gaban alƙali. Ita ce mas'alar ɗan hayar da kuɗin haya ya taru a kansa: yaushe ne ya halatta a tashe shi, kuma ta wace hanya?

Da farko ya kamata mu san matsayin haya a Shari'a. Malaman Malikiyya suna kiran hayar gida da sunan kira'i, kuma sun kasa ta gida biyu. Akwai wadda aka yanka wa lokaci sananne, kamar shekara guda. Wannan ta lazimci ɓangarorin biyu har ƙarshen lokacin. Akwai kuma ta wata-wata wadda ba a ambaci ƙarshenta ba. A wannan kowane ɓangare yana da damar janyewa, sai dai abin da aka riga aka biya kuɗinsa. Ko wacce ce daga cikinsu, kuɗin kwanakin da mutum ya zauna a gida bashi ne a wuyansa. Allah Maɗaukakin Sarki ya buɗe Suratul Ma'ida da umurnin cika alkawura, haya kuwa tana cikinsu.

To amma waɗanda ake bi bashi ba ɗaya suke ba. Akwai mai ƙunci na gaskiya, wanda albashi ya tsaya masa, ko jari ya karye, ko jinya ta cinye abin hannunsa. Game da irin wannan, aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umurni da a saurara masa har ya sami sauƙi, ta kuma nuna cewa yafewa ta fi alheri. Akwai kuma mai taurin bashi, wanda yake da halin biya amma yana ja wa mai gida rai. Bukhari da Muslim sun ruwaito hadisin da ya sanya jinkirin mawadaci cikin zalunci. Kada mu manta, sau da yawa mai gidan nan ba attajiri ba ne. Wata gwauruwa ce, ko marayu, ko dattijon da ya yi ritaya, waɗanda da kuɗin hayar nan suke ci.

Yanzu bari mu duba tsarin dokar ƙasa, domin jahilcinta ne ke jefa masu gidaje cikin laifi. Kowace jiha a Nijeriya tana da dokarta, saboda haka wajibi ne mutum ya nemi sanin ta jiharsa. Amma za mu ɗauki misali da dokar karɓar gidaje ta Abuja, wadda matakanta suka yi kama da na wurare da yawa.

Na farko: takardar sanarwar tashi, wadda aka fi sani da notis. Idan yarjejeniya ba ta ambaci wani wa'adi dabam ba, mai biya mako-mako ana ba shi mako 1, mai biya wata-wata ana ba shi wata 1, mai biya duk wata uku ana ba shi wata 3, mai biya shekara-shekara kuwa wata 6. Hayar da aka yanka wa ranar ƙarewa ba ta bukatar wannan takarda idan ranar ta cika.

Na biyu: idan wa'adin ya ƙare bai tashi ba, sai a ba shi wata takarda ta kwana 7, wadda ke sanar da shi cewa mai gida zai kai ƙara.

Na uku: shigar da ƙara. Kotu ce za ta saurari ɓangarorin biyu, ta yanke hukunci a kan gidan da kuma bashin, har da kuɗin kwanakin da ya ƙara zama. Ma'aikatan kotu ne ke zartar da hukuncin, ba mai gida ba.

Wasu dokokin sun gajarta hanya idan bashi ya yi yawa. Dokar haya da jihar Legas ta yi a 2011 ta tanadi cewa mai biya wata-wata idan bashin wata 6 ya taru a kansa, hayarsa ta faɗi. Amma ko a nan sai an bi ta kotu. Dokar ta kuma sanya tarar da za ta iya kai Naira 250,000 ko ɗaurin wata 6 ga wanda ya fitar da ɗan haya da ƙarfi.

Ya ku bayin Allah, daga nan za mu gane cewa kware rufin ɗaki, ko sanya kwaɗo a ƙofa, ko yanke wuta da ruwa, ko watsar da kayan mutum a titi gaban matarsa da 'ya'yansa, duk ɗaukar hukunci ne da hannu. Haka nan kai shi wurin 'yan sanda: dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kaɗai. Shi ma ɗan haya ya sani, wa'adin nan an ba shi ne don ya nemi mafita, ba don ya zauna kyauta ba. Wanda ya fake da jinkirin kotu alhali yana da abin biya, ya ci dukiyar ɗan'uwansa da ɓarna, ko da alƙali bai kama shi ba.

Mafi alheri shi ne sulhu tun kafin a kai ga sammaci. Ka'abu bin Malik (R.A.) ya taɓa bin Ibnu Abi Hadrad (R.A.) bashi a masallaci har muryoyinsu suka ɗaga. Manzon Allah (S.A.W.) ya yi wa Ka'abu nuni da ya sauke rabi, ya amince, sannan ya umurci ɗayan da ya tashi ya biya. Ku duba: an nemi rangwame daga wannan, an nemi gaggawa daga wancan.

Saboda haka muna kira da abubuwa uku. A rubuta yarjejeniyar haya da shaidu, a ambaci kuɗi da ranar biya da wa'adin tashi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ɗan hayar da ya ga ba zai iya biya ba ya je da ƙafarsa ya faɗa wa mai gida tun da wuri, su tsara biya kaɗan-kaɗan. Mawadata da kwamitocin masallatai kuma su tuna cewa waɗanda bashi ya danne suna cikin kashi takwas na masu cin zakka da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Muna roƙon Allah ya yaye wa masu ƙunci, ya sanya tausayi a zukatan masu hali, ya tsare mu daga cin haƙƙin juna.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.